An Ce An Kai, Ba a Kai Ba: Asarar Wa Ce?



Maganarmu ta yau a kan kayan da mutum ya saya ta intanet ce. Ya biya kuɗinsa cif, aka ɗora wa gidan waya ko wani kamfanin kai saƙo, ya yi ta zuba ido. Ran nan sai ya duba wayarsa ya ga an rubuta wai kaya sun shiga hannun mai su, alhali ko ƙyallinsu bai gani ba. Ba a hanya suka ɓata ba, ba kuma 'yan kwastan suka riƙe ba. Kai su an kai su, amma wani gidan aka kai, wani hannun aka danƙa wa. To, asarar wa ce?

Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu, don kada wani ya kashe rediyonsa bai ji ba. Ba asarar mai saye ba ce. Muddin ka ba da adireshinka daidai, kuma ba kai ka zaɓi wanda zai ɗauko kayan ba, to wanda ya karɓi kuɗinka shi ne zai kawo maka kaya ko ya mayar maka da kuɗi. Shi kuma ya je ya ƙarata da wanda ya aika.

Na zaɓi in kafa wannan magana a Ƙoƙi, cikin birnin Kano, saboda dalili biyu. Na farko, Ƙoƙi unguwar fatauci ce tun kaka da kakanni, ga ta kusa da kasuwar Kurmi wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15. Nan ne mazaunin gidan Ɗantata. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da goron Gwanja ya fara kafin gyaɗa, kuma dukiyarsa ta yi ta yawo a hannun wakilai da yaran gida, daga Kano har bakin teku. Mutanen wannan unguwa ba yau suka fara aika kaya da karɓar kaya daga nesa ba, ba kuma yau suka fara sanin wanda ke biya in kaya sun salwanta ba. Na biyu, Ƙoƙi tana cikin unguwannin da tsarin kai saƙo na zamani ya fi wahalarwa, kuma laifin ba na mutanenta ba ne.

Ku duba yadda abin yake faruwa. Manhajar da ake sayayya a cikinta tana tambayar sunan titi da lambar gida. Mutumin cikin birni kuwa ba da lamba yake gane gidansa ba. Zai ce maka ka sauka a bakin titi, ka shiga lungun da ke kusa da masallaci, ka wuce mai shayi, soro na uku a hannun dama, ka ce gidan Alhaji wane. Wannan kwatance ya fi kowace lamba aiki ga ɗan unguwa, amma gurbin da aka ware a manhaja ba ya ɗaukarsa, sai mutum ya taƙaita ya rubuta sunansa da Ƙoƙi da Kano kawai. Mai kawo saƙo ya iso da babur, an cika masa akwati, ana jiran ya gama kafin magariba. Ya kira lamba, ko dai sabis ya ƙi, ko kuma matar gida ce ba ta ɗaukar baƙuwar lamba. Ya tsaya ya tambayi yara ina gidan Hajiya wance. A lungu ɗaya kuwa ana iya samun mata uku masu wannan suna, kuma mazajensu ma sunansu ɗaya, don zuri'a ɗaya ce, sunan kaka ake ta maimaitawa. Baƙo ba ya wuce soro. Sai ya miƙa wa yaron da ya ce ya san gidan, ko almajirin da ke zaune a dakali, ya danna wayarsa cewa an kai, ya ƙara gaba. A wurin kamfani magana ta ƙare. A wurin mai kaya kuwa yanzu ta fara.

Kada a ɗauka Kano baƙuwar gidan waya ce. An buɗe gidan waya na farko a Legas a 1852. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma tun 1936 jirgin sama ke kawo wasiƙu Kano ta hanyar Hartum. Amma a duk tsawon wannan zamani, mutum ne ke zuwa wurin wasiƙarsa, ba wasiƙa ke zuwa wurin mutum ba. Mai hali ya kama akwati a babban gidan waya, marar hali ya ari akwatin makaranta ko na ofis ko na wani kanti, a rubuta sunansa a ƙarƙashin kulawar wane. Da aka raba tsohuwar ma'aikatar waya da tangaraho a 1985 aka samu hukumar gidan waya ta NIPOST, aka ƙarfafa ta da doka a 1992, aka kuma raba wa ƙasa lambobin shiyya masu alƙaluma 6, na birnin Kano suna farawa da 700. Sai dai lambar shiyya unguwa take nunawa, ba soro ba. A 2017 hukumar ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Ingila mai suna what3words, wanda ya yanka duniya gida-gida, kowane gida mita 3 tsawo mita 3 faɗi, ya ba kowanne suna. Shiga cikin birni yau ka tambayi mutane ko suna amfani da shi, za ka ji amsa. Sayayyar intanet kuwa ba ta jira kowa ba. Jumia da Konga sun fara a 2012, AliExpress ta shiga wayoyin matasa, Temu ta iso Najeriya a ƙarshen 2024. Ciniki ya koma bakin ƙofa, alhali ƙofar ba ta da lamba.

To mu koma kan tambayarmu. A ce ka je kasuwar Dawanau ka sayi buhun gero, ka biya, mai kaya ya ce je ka gida, yarona zai kawo maka. Yaro ya ɗauka ya kai gidan wani. Wa za ka kama? Babu Bakanon da zai tsaya yana kokawa da yaron. Wurin uban gidansa za ka koma, don da shi ka yi ciniki, shi ya karɓi kuɗinka, shi ya zaɓi ɗan aikensa. In ya ce maka ai yaro ya ce ya kai, za ka ce masa ya kai wa wa? Wannan shi ne gaba ɗayan shari'ar, sauran duk bayani ne. Abin da ke ba ni takaici shi ne, wannan hukunci da kowa ya sani a kasuwa, da zarar an ce intanet, an ce kamfani, an ce kwamfuta ta nuna, sai jikinmu ya yi sanyi, mu ɗauka wata doka ce daban da ta fi ƙarfinmu.

Malamanmu na Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan birnin nan, irin su Muhtasar na Shehu Halil, sun yi maganar sayar da abin da ba ya wurin ciniki, wanda aka saya bisa siffantawa kawai. Sun halatta shi da sharuɗɗansa. Suka kuma ce in dai ba gida ba ne ko gona, lamuninsa yana wuyan mai sayarwa har sai mai saye ya karɓa, sai fa in an yi sharaɗin akasin haka tun wurin ciniki. Ku lura, wannan ita ce sayayyar intanet tsaf: ka ga hoto, ka karanta siffa, kaya suna Legas ko suna Chaina. Game da mai dako kuwa, sun ɗauke shi amintacce, ba ya biya in abu ya salwanta ba da sakacinsa ba, in ka cire mai dakon abinci wanda suka fi tsananta wa. Amma wanda aka ba amana ya kai wa wane, ya miƙa wa wani daban ba tare da ya tabbatar ba, wannan sakaci ne, kuma mai sakaci yana biya. Wanda ke son ƙarin bayani ya tambayi malaminsa, zai ji fiye da abin da na faɗa.

Dokar boko ta ɗan yi kwana kafin ta iso nan. Tsohuwar dokar ciniki ta Ingila ta 1893, wadda muka gada daga Turawan mulki, ta ce in an yarda mai sayarwa ya aika kaya, to miƙa su ga mai dako tamkar miƙa su ne ga mai saye, sai in akwai abin da ya nuna akasin haka. Dokar attajirai ce, an yi ta don manyan 'yan kasuwa masu lodin jirgin ruwa da inshora. Su kansu masu dokar sun ga ba ta dace da talakan da ya sayi takalmi ta waya ba. Tarayyar Turai ta gyara a 2011, Ingila ta fito da sabuwar doka a 2015, inda aka ce kaya suna wuyan mai sayarwa har sai sun shiga hannun mai saye, ko hannun wanda mai saye ya ambata da kansa. A nan gida, akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta hana ɗan kasuwa ɗora wa mai saye sharaɗin zalunci, kuma hukumar ta sha bayyana cewa rubuta ba a mayar da kuɗi a jikin rasit ko a shafin kanti ba ya soke haƙƙin kowa. Wanda ya karɓi kuɗi bai kawo kaya ba, bai cika cinikinsa ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole in faɗi ɗaya ɓangaren. In kai ka rubuta adireshi ba daidai ba, ko ka ce wa mai kawowa a waya ba wa yaron nan mai jar riga, ko kai da kanka ka ce wa mai kaya kai min tasha ka ba direba wane, to ka ɗauke nauyin daga wuyansa ka ɗora a naka. Wanda ka wakilta, hannunsa hannunka ne. Kada mutum ya yi sakaci da bakinsa sannan ya je yana tayar wa mai kanti hankali.

Akwai wani abu game da gidan waya da mutane da yawa ba su sani ba, shi ya sa suke shan wahalar banza. Gidajen wayar duniya suna aiki ne ƙarƙashin wata ƙungiya da aka kafa a birnin Bern na ƙasar Siwizalan a 1874, Najeriya ta shiga a 1961. A ƙa'idar wannan ƙungiya, saƙo mallakar wanda ya aiko shi ne har sai an danƙa shi ga mai shi. Saboda haka in saƙo ya salwanta, wanda ya aiko ne ke da haƙƙin diyya, sai in ya sallama wa wanda aka aiko wa. Ana karɓar ƙorafi cikin wata 6 daga ranar da aka aika. Diyyar ma ba ta taka kara ta karya ba: ƙaramin saƙo mai rajista, abin da ake biya in ya ɓata bai wuce kimanin dalar Amurka 40 ba, ko da abin da ke ciki ya ninka haka, in dai ba a yi masa inshora ba. Ƙaramin saƙon da aka aiko ba rajista kuwa, ba diyya sam. Kun ga ke nan mai saye da ya tafi gidan waya yana cewa a biya shi kuɗin wayarsa ta hannu ko na keken ɗinkinsa, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasa ba. Abin da zai nema a gidan waya shaida ce. Kuɗinsa suna wurin mai sayarwa.

To yaya mutum zai yi ranar da abin ya same shi? A ranar, ba gobe ba, a tura yara su zaga lungu, a tambayi maƙwabta da mai shago da mai shayi da masu zama a dakali. Sau da yawa kayan suna nan kusa, an ajiye ana jiran mai cigiya. In ba a samu ba, kada ka kuskura ka danna wurin da ke cewa na karɓi kayana, ko da mai sayarwa ya roƙe ka. A manyan kasuwannin intanet, kuɗinka suna tsare ne a hannun kamfani, wannan dannawar ce ke sakin su. Ka ɗauki hoton duk abin da ke fuskar wayarka: lambar oda, ranar biya, adireshin da ka rubuta, lambar bibiyar saƙo, da sa'ar da aka ce an kai. In ta gidan waya aka aiko daga waje, lambar bibiya tana da harafi biyu a farko, alƙaluma 9 a tsakiya, da harafi biyu a ƙarshe masu nuna ƙasar da aka yi wa saƙon rajista. Riƙe ta da kyau, ita ce sunan kayanka a duk inda suka bi.

Daga nan ka rubuta wa mai sayarwa, a rubuce, a cikin manhajar da ka yi sayayya, ba kiran waya ba, don kiran waya ba ya barin sawu. Magana gajera: na biya ranar kaza, an ce an kai ranar kaza, ban karɓa ba, babu kuma wanda na wakilta da ya karɓa, ina neman kayana ko kuɗina. Sannan ka nemi shaidar kaiwa. Wa ya karɓa? Ina sunansa, ina sa hannunsa, ina lambar wayarsa, ina hoton ƙofar da aka tsaya? A nan ne galibi gaskiya ke fitowa. Rubutun da ke cewa an kai, mai kawowa ne ya danna shi da yatsansa. Da'awa ce, ba shaida ba. In suka turo sa hannun da ba naka ba, ko hoton soron da ba naku ba, to sun ba ka hujja da hannunsu. Ka je ofishin da saƙon ya fito, ko gidan waya ne ko kamfani, da katin shaidarka da lambar bibiya, ka nemi a duba littafin da ake sa hannu, a kira wanda ya fita da kayan. Ka yi magana da ladabi, don ma'aikacin da ke gabanka ba lalle shi ya yi ɓarnar ba, kuma shi ne zai taimake ka. In sun amsa cewa an yi kuskure, roƙe su su rubuta maka ko da layi biyu ne, su buga hatimi. Wannan 'yar takarda ta fi kwana goma na musu.

Ku kula da lokaci, jama'a, don nan aka fi cin mutane. Kowace kasuwar intanet tana da wa'adin shigar da ƙorafi bayan an ce an kai kaya, wata mako guda, wata mako biyu. Mai sayarwa da ya san wannan sai ya yi ta lallashi: yi haƙuri muna bincike, janye ƙorafinka mu sake aiko maka. Kada ka janye. In da gaske yake, ya aiko tukuna, ko ya mayar da kuɗi tukuna. Wa'adi na cika, ƙofa ta rufe, shi ma ya daina amsa saƙonka.

In da katin banki ka biya, kana da wata ƙofar. Ka je bankinka ka ce kana ƙalubalantar wannan biya saboda ba a kawo kaya ba, ka cika takarda, ka haɗa hotunan nan. Kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard suna da tsarin janyo kuɗi daga mai sayarwa a irin wannan hali, shi ma da wa'adinsa na 'yan watanni. In banki ya yi biris, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Amma in tiransifa ka yi kai tsaye zuwa asusun mutum, wannan ƙofar babu ita. Kuɗi sun tafi, ba mai dawo da su sai wanda ya karɓa, ko hukuma ta sa shi.

Kuma mu faɗi gaskiya, mafi yawan cinikinmu na waya irin wannan ne. Ba daga Chaina ba ne, daga Kantin Kwari ne, daga Sabon Gari, daga wata baiwar Allah mai sayar da atamfa da turaren wuta a WhatsApp ko Instagram ko TikTok. A tura kuɗi, a ba ɗan babur, ko a kai tasha a Unguwa Uku ko Naibawa ko Ƙofar Ruwa a ba direba, a rubuta lambar waya a jikin leda. Mutanen Ƙoƙi a nan ba masu saye kaɗai ba ne, su ne ma masu sayarwa, suna aika kaya Kaduna da Abuja da Maraɗi. To 'yan uwana 'yan kasuwa, hukuncin da na karanta wa kamfanonin waje shi ne a kanku. In kai ka zaɓi ɗan babur, ya kai kayan wata gidan wata, kada ka ce wa mai saye ai ni na bayar. Ka biya ta, ko ka sake aika mata, sannan ka bi ɗan aikenka. In kana ganin asarar za ta yi maka yawa, to ka yi aiki da wanda ke da ofis da rajista, wanda za a iya samunsa gobe. NIPOST ce ke ba kamfanonin kai saƙo lasisi, kuma tambayar ko kamfani yana da shi ba rashin kunya ba ce. Ka kuma faɗi sharaɗinka ƙarara kafin a biya, kowa ya san wuyan da kaya suke. Kakanninku da suka yi fataucin Gwanja sun riƙe abokan ciniki shekara da shekaru ba tare da takarda ba, don an san in kaya sun sami matsala a hannun yaronsu ba za su noƙe ba. Ɗan kasuwan da ya ci kuɗin atamfa ɗaya ya toshe lambar mai saye, ya sayar da sunansa da arha.

In duk wannan ya ci tura, akwai hukuma. FCCPC tana karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet. Jihar Kano tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. Tun 2019 akwai kotunan ƙananan da'awar kuɗi a Kano, waɗanda aka tsara don a gama shari'a cikin ɗan lokaci, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba sai da lauya ba. In kuma rigimar ta cikin gari ce, tsakanin mutanen da suka san juna, mai unguwa da shugabannin kasuwa da zauren sulhu na Hisba sun fi sauri, sun kuma fi sauƙi.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu yanzu: a kan naira dubu goma sha biyar zan yi ta zarya? Na bar wa Allah. Yafiya abu ne mai kyau, kuma wanda ya yafe don Allah yana da lada. Amma mu bambanta wanda ya yafe da wanda aka gajiyar. Wadda abin ya fi faɗa wa ita ce matar da ke cikin gida, ta yi adashi wata da watanni ta sayi abin sana'a, injin markaɗe ne ko kayan kitso ko yadin da za ta sayar. Ba ta fita, ba ta saba da ofis ba, Turancin manhaja ya yi mata yawa, wani lokaci ma tana tsoron a ce wa ya aike ki sayayya a waya. Sai ta haɗiye, ta ce ƙaddara. Maigida, yaya, ƙane, ɗa, wannan aikinku ne. Ku karɓi wayar ku rubuta mata ƙorafin, ku je mata ofishin, ku bar faɗa sai kuɗi sun dawo. Kuma duk ƙorafin da ba a shigar ba, kamfani yana lissafa shi ne a cikin saƙonnin da suka isa lafiya. Saboda haka ba zai gyara komai ba, gobe maƙwabcinka za a yi wa.

Saura wanda aka kawo wa kayan da ba nasa ba. Malam, Hajiya, wannan ba rabo ba ne. Ko tsintuwa ce a kan hanya, wadda ba a san mai ita ba, shari'a ta ce a yi cigiya har shekara in abu ne mai daraja. Ina ga kayan da sunan mai su da lambar wayarsa ke manne a jiki? Kira ɗaya ya isa. In ba ka iya karatun ba, ba ɗalibin gidan ya karanta, ko ka kai wa mai unguwa, ko a sanar a masallaci bayan salla. Iyaye kuma a ja wa yara kunne: kada yaro ya karɓi saƙo daga baƙo sai ya shiga ya tambaya, kada kuma ya ce ya san gida don kwaɗayin abin da za a ba shi. Ko don tsaro ma, bai kamata a riƙa shigo da ƙunshin da ba a san mai shi ba cikin gida.

Mu masu saye kuma, tun wurin oda za mu rage wa kanmu wahala. Rubuta kwatance cikakke kamar yadda za ka yi wa baƙo, ka sa sunan da unguwa ta san maigidan da shi, ba sunan takardar makaranta kaɗai ba. Sa lambar waya biyu, ɗaya ta wanda ke waje da rana. Ambaci mutum ɗaya da ka yarda ya karɓa. In kaya masu tsada ne, gara ka zaɓi karɓa a ofishinsu ko a gidan waya da katin shaidarka, ko ka zaɓi biya sai an kawo in akwai wannan damar.

Amma ba zan yarda a tattara nauyin duka a ɗora wa talaka ba. Akwai abin da kamfanoni za su iya yi gobe da safe ba tare da sun jira gwamnati ba. A turo wa mai saye lambar sirri a wayarsa, kada mai kawowa ya iya rubuta cewa an kai sai an karanta masa wannan lamba. Wasu kamfanonin suna yin haka, kuma ba wani kuɗi yake ci ba. NIPOST da ke ba da lasisi tana iya mayar da shi sharaɗi a kan kowa, ta kuma fara da kanta. A buɗe gurbin kwatance mai faɗi a manhaja, a kuma sa Hausa, tunda kuɗin Bahaushe ake karɓa. A ɗauki 'yan unguwa aikin rabon saƙo a cikin birni, don yaron da ya tashi a Ƙoƙi ba zai rikita gidan Alhaji babba da na Alhaji ƙarami ba. Ƙananan hukumomin cikin birni kuma, tare da masarauta, su zauna da masu unguwanni, waɗanda suka san kowane soro da mai shi, a ba lunguna sunayen da mutane suka riga suka san su da su, a buga lamba a kowace ƙofa, a miƙa wannan rajista ga gidan waya da kamfanonin kai saƙo da motar asibiti da 'yan kwana-kwana. A fara da Ƙoƙi da Sarari a ga yadda za ta kaya, sannan a faɗaɗa zuwa sauran unguwanni.